Cire kututture da saiwoyi bayan sare shuke-shuken gida a Libreville

Wanda ya sare shingen furanni ko wata tsohuwar gwaba a tsakar gidansa a Libreville yakan ɗauka cewa aiki ya ƙare. Bayan mako uku ko huɗu sai ya tarar kututturen ya fito da toho goma a inda da reshe ɗaya ne. Idan ya sake sarewa, su sake fitowa. A ƙarƙashin ƙasa kuma saiwoyin na nan da ransu, suna ci gaba da tura daɓen siminti, suna neman bututun ruwa da ramin masai. Wannan bayani ya tattara abin da ya kamata mai gida ko ɗan haya ya sani kafin ya ɗauki diga: dalilin da ya sa kututture ba ya mutuwa, hanyoyin cire shi, abubuwan da ke jawo asara, da wuraren da barin saiwa a ƙasa ya fi cire ta alheri. Yawancin abin da ke ciki zai yi wa 'yan uwa na Duwala, Yawunde, Oyem da Bitam amfani.

Me ya sa kututture ke sake toho

Ganye ne ke haɗa wa shuka abinci da hasken rana, amma ba duka take cinyewa ba. Tana ajiye wani kaso a cikin saiwoyi da kuma gindinta, wato daidai inda jikin itacen ya haɗu da saiwa. A wannan gindi akwai ƙananan idanu da ke kwance a ƙarƙashin ɓawo. Muddin saman shukar na nan, ba sa motsi. Da an sare saman, sai su farka, su ɗebi abincin da ke ajiye su fito da toho. Sabon ganyen kuma ya sake cika rumbun. Shi ya sa mai sarewa sau ɗaya a wata uku ba ya ganin ƙarshen aikin: yana ba shukar lokacin mayar da abin da ta kashe.

Mutanen Maradi sun san wannan hali, har sun mayar da shi arziki. Tun daga 1983, wani masanin aikin gona ɗan ƙasar Ostareliya, Tony Rinaudo, ya yi aiki da manoman yankin a kan barin kututturan da ke gonaki su yi toho, a zaɓi reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi a kula da su, a sare sauran. Ana kiran wannan sassabin zamani, a Faransanci kuma régénération naturelle assistée. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa kusan miliyan 200 sun dawo a fili mai faɗin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, ciki har da kalgo da sabara da gawo. Halin da ya farfaɗo da gonakin Maradi shi ne ke wahalar da mai gida a Libreville. Bambancin ruwa ne: Maradi na samun kusan milimita 500 a shekara, Libreville kuwa tana samun kusan milimita 2,800. A nan toho ba ya jiran damina mai zuwa.

Gane irin shukar kafin a fara haƙa

Ba kowace shuka ce ke buƙatar aiki iri ɗaya ba. Ana iya raba waɗanda aka fi gani a gidajen Libreville gida huɗu.

Na farko, masu toho daga gindi kawai. Cikinsu akwai furannin shinge irin su hibiscus, ixora da croton, da bougainvillier mai ƙaya wanda asalinsa daga Kudancin Amurka ne, da shuwaka da zogale. Idan aka cire gindin tare da manyan saiwoyin da ke manne da shi, ƙananan da suka rage a ƙasa galibi ruɓewa suke yi. Ba sai an bi kowace saiwa har ƙarshenta ba.

Na biyu, masu fitar da toho daga saiwa ko da nesa da gindi. Gwaba da dogon yaro na cikin wannan aji. Bayan an cire kututturen, ana iya ganin sabon tsiro a tazarar mita biyu ko uku. Irin waɗannan sai an bi manyan saiwoyin da ke kusa da saman ƙasa an zaro su, sannan a yi ta sa ido na wasu watanni.

Na uku, masu ajiye ƙarfinsu a wani kauri da ke kwance a ƙasa: gora, wadda ake kira bambou de Chine, da ayaba. Duk guntun da aka bari mai ido zai iya zama sabuwar shuka.

Na huɗu, dangin kwakwa masu jiki ɗaya, kamar kwakwar manja da kwakwar sha. Idonsu ɗaya ne, a can ƙololuwa. Da an sare shi, bishiyar ta mutu, ba za ta yi toho ba. Wahalarsu ita ce dunƙulen saiwoyi sirara masu kama da igiya, waɗanda gatari ke tsalle a kansu.

Akwai kuma ficus, ɗan uwan ceɗiya da durumi, wanda ake shukawa a matsayin shinge saboda yana saurin rufe gida. Yana toho daga kututture, saiwoyinsa na tafiya nesa a kusa da saman ƙasa, kuma su ne suka fi shiga bututun da ya tsage ko ramin masai. Farin ruwan da ke fita daga jikinsa na sa ƙaiƙayi a fata da ido.

Abin da za a bincika tun da wuri

Ɗan haya ya fara neman izinin mai gida, in da hali a rubuce, ko da saƙon waya ne. Idan shukar tana kan iyaka, a yi magana da maƙwabci, domin saiwar na iya kasancewa a ƙarƙashin katangarsa, kuma cire ta da ƙarfi na iya tsaga ginin.

Sai a nemi inda bututu da waya suka bi. A unguwanni da yawa na Libreville, mitocin ruwa na kamfanin SEEG suna jere ne a bakin hanya, daga nan siraran baƙaƙen bututun roba ke tafiya zuwa gidaje, wani lokaci a saman ƙasa, wani lokaci a binne da ƙasa kaɗan. Baƙin bututu da ya sha laka ba shi da bambanci da saiwa a ido. Sara ɗaya na adda zai iya yanke wa gidaje uku ruwa. Wayar lantarki da aka binne ta fi haka haɗari. Kafin a sari kowace saiwa, a share ƙasar da ke kanta da hannu, a kankare ɓawon a tabbatar itace ne.

A kuma duba ko akwai maciji. Tarin busasshen ganye a gindin gora ko ƙarƙashin shinge mafaka ce gare su, musamman a filayen da ke gefen gari kamar hanyar Ntoum ko Cap Estérias. A share ganyen da doguwar sanda kafin a sa hannu.

Lokacin da ya fi dacewa

Babban rani a Libreville yana farawa daga Yuni zuwa tsakiyar Satumba. Rana ba ta da zafi sosai, sama na rufe da gajimare, ruwa kuma kaɗan ne. Wannan ne lokacin aiki. A Oktoba da Nuwamba ruwa na sauka da ƙarfi, ramin da aka haƙa da safe ya cika kafin la'asar, laka ta riƙe shebur. Ɗan ƙaramin ranin da ke zuwa tsakanin Disamba da Janairu ya isa a cire ƙananan furanni, amma ba shi da tabbas ga babban aiki.

Irin ƙasar ma na da tasiri. A wuraren da ke kusa da teku, kamar sassan Akanda, yashi ya fi yawa, haƙa na da sauƙi. A kan tuddai kuwa jar ƙasa ce mai laka da marmara, wadda ke tauri idan ta bushe. A irin wannan wuri a jiƙa gindin shukar da ruwa kwana ɗaya kafin aiki, yadda ƙasar za ta yi laushi ba tare da ta zama taɓo ba.

Kayan aiki

Ana samun su a shagunan kayan gini, wato quincaillerie, da kasuwanni irin su Mont-Bouët da Nkembo. Sanin sunayensu na Faransanci na rage ciniki mai tsawo: adda (machette), diga (pioche), shebur (pelle), gatari (hache), zarto (scie), da dagi, wato doguwar sandar ƙarfe mai baki (barre à mine). A ƙara da safar hannu mai kauri, takalmin roba mai tsawo da tabarau na kare ido. Digar da ke da baki mai faɗi a gefe ɗaya ta fi amfani, domin tana yanka saiwa tana kuma ɓanɓarar ƙasa. Kada a sa zarton inji a cikin ƙasa: yashi na dakushe sarƙarsa nan take, kuma idan ya ci karo da dutse yana iya dawowa kan mai riƙe da shi.

Wanda ya daɗe bai yi allurar rigakafin tetanus ba, ya yi kafin irin wannan aiki. Rauni daga ƙaya ko ƙarfe mai ƙasa a jiki shi ne hanyar shigar cutar.

Cirewa da hannu

Wannan ce hanyar da ta fi tabbas ga furanni da ƙananan itatuwa, kuma ana iya shuka wani abu a wurin ba da jimawa ba.

Kuskuren da aka fi yi shi ne sare shukar daidai da ƙasa tun farko. A sare rassa, amma a bar jikin itacen ya kai tsayin kusan mita ɗaya. Wannan guntun shi ne abin riƙewa a girgiza kututturen, kuma tsayinsa na ninka ƙarfin mutum.

Sai a haƙa rami a zagaye, a tazarar santimita 30 zuwa 50 daga gindin, gwargwadon girman shukar. Yawancin saiwoyi suna cikin santimita 60 na saman ƙasa, suna bazuwa a kwance, don haka ba a cika buƙatar rami mai zurfi ba. Duk saiwar da aka tarar, a yanke ta a wuri biyu a cire guntun tsakiya, domin shebur ya sami hanyar wucewa ƙasa. Idan ƙasa ta manne wa saiwoyin, a wanke da ruwa kaɗan don a ga abin da ake sara.

Bayan an zagaye, a kama guntun jikin a tura gaba a ja baya. Inda ya ƙi motsi, nan ne saiwar da ta rage. A kwantar da kututturen gefe ɗaya, a sa dagi ko gatari a yanke ta ƙasan, wadda ke tafiya a tsaye. Idan nauyi ya yi yawa, a ajiye guntun katako ko bulo a bakin ramin, a ɗora dagin a kai, a sa bakinsa a ƙarƙashin gindin a danna. Ana iya amfani da jak na mota: a shimfiɗa katako mai kauri a ƙasa don kada ya nutse, a sa kansa a ƙarƙashin wata babbar saiwa, a ɗaga a hankali ana yanke abin da ya bayyana. Kada kowa ya sa hannu ko ƙafa a ƙarƙashin kututturen da jak ke riƙe da shi.

Gora ba ta fita a dunƙule. Ana fara ta daga gefe, a ɓalle guntu-guntu da gatari da dagi har a kai tsakiya, sannan a tsince ƙasar. Ayaba ta fi sauƙi: a haƙo gindin gaba ɗaya tare da 'ya'yan da ke jikinsa. Kwakwa kuma a yi amfani da dagi mai kaifi ana yanka saiwoyin daga sama zuwa ƙasa a zagaye.

Idan za a ɗauki lebura, a yi ciniki a kan aikin duka: cire gindin, cike ramin, da kwashe tarkace. A kuma ga gindin da ido kafin a biya. Sau da yawa akan sare kututture ƙasa da ƙasa a rufe da yashi, wata guda bayan haka ya sake toho.

Kashe kututture a inda yake

Wani lokaci haƙa ba ta yiwuwa, ko don kututturen na manne da katanga, ko don saiwoyinsa sun naɗe bututu. A nan sai a kashe shi da yunwa. A sare shi daidai da ƙasa, a rufe da baƙar leda mai kauri ninki biyu ko tsohon kwanon rufi, a danne gefuna da duwatsu yadda haske ba zai shiga ba. Duk mako a duba, a karye duk tohon da ya leƙo tun bai buɗe ganye ba. Kowane toho na cin abin da ke ajiye ba tare da ya mayar ba. Ƙananan furanni kan mutu cikin wasu watanni, gwaba da ficus na iya kai shekara ko fiye. Sannu ba ta hana zuwa, amma wanda ya yi sakaci na wata guda ya koma baya.

Idan kututturen ya mutu, ana iya gaggauta ruɓewarsa. A huda ramuka masu zurfin santimita 15 zuwa 20 a samansa, a cika da kashin kaji ko takin yuriya, a jiƙa, a rufe da ƙasa. Ƙwayoyin da ke ruɓar da itace na buƙatar sinadarin da ke cikin takin, kuma zafi da danshin Libreville na taimaka musu. Sai dai kada a yi haka kusa da gidan katako ko rufin da ke da katako, domin mataccen itace na kiran gara. Ruɓaɓɓen kututturen kwakwa kuma wurin haihuwar ƙwarin da ke huda kwakwa ne, don haka mai wasu bishiyoyin kwakwa a kusa gara ya cire shi gaba ɗaya.

Hanya ta ƙarshe ita ce maganin kashe ciyawa mai ɗauke da glyphosate. Ba fesawa ake yi ba. Ana sabunta saran, sannan cikin 'yan mintuna a shafa maganin da burushi a zoben da ke ƙarƙashin ɓawo, domin ta nan ne yake sauka zuwa saiwa. Idan saran ya bushe, maganin ba ya shiga. A bi umarnin da ke jikin kwalba, a sa safar hannu, kada a yi a ranar da hadari ya haɗu, kuma kada a yi kusa da rijiya ko lambun ganye. Idan akwai wata bishiya irinta a kusa, saiwoyinsu na iya haɗewa a ƙasa, maganin ya kashe har wadda ake so. A 2015 cibiyar binciken cutar kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa glyphosate cikin abubuwan da mai yiwuwa ne su jawo kansa, ko da yake wasu hukumomin Turai da Amurka sun yi wani hukuncin daban. A gidan da ke da ƙananan yara da kaji, rufewa da leda ta fi kwanciyar hankali.

Abubuwan da ke jawo asara

Zuba gishiri na kashe kututture, amma yana lalata ƙasar wurin, ruwan sama kuma ya kai shi gindin wasu shuke-shuke. Baƙin man inji da gas suna sauka cikin ƙasa su gurɓata rijiyoyi. Ƙona kututture da tsohuwar taya na fitar da hayaƙi mai guba, ɗanyen itace ba ya ma ci da kyau, kuma a unguwannin da gidajen katako ke manne da juna wuta kaɗan ta isa ta tashi gobara. Furen da ake kira laurier-rose guba ne tun daga ganye har saiwa, hayaƙinsa ma na cutarwa, don haka ba a ƙona shi ba a kuma girki da shi. Jan kututture da mota kuwa ya sha raunata mutane: idan igiya ko sarƙa ta tsinke, tana dawowa da ƙarfin da zai fasa gilashi ko kai.

Inda ya kamata a bar saiwa

Libreville gari ne mai tuddai da kwaruruka, kuma gidaje da yawa na kan gangare. A irin waɗannan wurare saiwoyi ne ke riƙe ƙasa. A watan Oktoba na 2022, zaftarewar ƙasa bayan ruwan sama a unguwar PK8 ta hallaka mutum bakwai 'yan gida ɗaya. Wanda gidansa ke kan gangare ko ƙarƙashinsa kada ya tumɓuke gora ko manyan shuke-shuke a lokaci ɗaya. A rage tsayinsu, a bar saiwar da rai. Idan dole ne a cire, a yi shi kashi-kashi a cikin rani, a maye gurbin da wata shuka mai riƙe ƙasa ko katangar tokare kafin ruwa ya dawo.

Haka nan itatuwan bakin ruwa da ake kira palétuviers. Su ne ke tare zaizayar gaɓa, kuma a cikin saiwoyinsu ƙananan kifi ke girma. Gandun Akanda da na Pongara, waɗanda ke cikin gandayen ƙasa 13 da Gabon ta kafa a 2002, an keɓe su ne musamman don kare irin wannan daji. Wanda ya sayi fili kusa da ruwa ya tuntuɓi ofishin kula da gandun daji kafin ya sari komai.

Wasu shuke-shuken kuma tohonsu riba ne. Zogale da shuwaka idan suka yi tsayi, a sare su a tsayin gwiwa ko ƙugu, su fito da ganye mai yawa a inda hannu ke kaiwa. Kafin a yanke hukuncin tumɓukewa, yana da kyau a tambayi kai ko rage girma kawai ya isa.

Bayan an cire

A cike ramin a ranar. Kududdufin da ya kwana biyu wurin haihuwar sauron zazzaɓin cizon sauro ne. Guntayen gora da aka sare su ma suna tara ruwa a cikinsu, kuma irin wannan ɗan ruwa ne sauron nan mai zanen fari da baƙi ke so, wanda ya yaɗa cutar chikungunya da dengue a Libreville a 2007. A sare gora daidai kan gaɓa, ko a cika ramin da yashi.

Ana mayar da ƙasa kaɗan-kaɗan, ana dannewa bayan kowane santimita 15 ko 20, a bar tsakiyar ta ɗan yi tudu domin za ta zauna. Idan za a yi daɓen siminti ko gini a wurin, a tsince duk guntayen itace, a bar ƙasar ta sha ruwan sama na wasu makonni. Itacen da aka binne zai ruɓe ya bar rami, daɓen ya tsage. Idan kuma shukar da aka cire ta mutu ne da kanta, saiwarta na wari ko tana da farin abu kamar auduga a ƙarƙashin ɓawo, a canza ƙasar ramin kuma kada a shuka irinta a wurin.

Saiwoyin gwaba da mangwaro idan suka bushe itacen girki ne mai kyau, masu gasa nama da ƙyafe kifi na karɓarsu. Guntayen gora, ayaba da bougainvillier kuwa a shanya su a kan siminti ko kwano har su bushe sarai, domin idan aka jefar da su a ƙasa mai danshi suna iya kamawa. Kada a zuba tarkacen a kwata ko rafi, tunda toshewar magudanan ruwa na daga cikin abubuwan da ke ƙara ambaliya a unguwannin da ke kwari. A ci gaba da leƙa wurin duk mako har damina ɗaya ta wuce, a cire duk tsiron da ya fito tun yana ƙarami.